Kada a Sayar da Gonar Rani Don Kwas ɗin Wata Uku

Tun lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, cinikin shinkafa da tumatir a Kura, Kadawa da Bunkure ya koma ta waya. Ɓarayi ma suka bi sawu. Da wuya a sami ikilisiyar da ba ta da wanda aka buga wa waya aka ce daga banki ne, ya faɗi lambarsa ta sirri, kuɗin taki ya tafi. Saboda haka ba mu yi mamaki ba da muka ji malaman firamare da masu POS suna neman shawarar dattawa, wai za su bar aikinsu su koyi tsaron kwamfuta da intanet.

Sana'a ce mai kyau, gama tsare dukiyar maƙwabci ce. Abin da ya dame mu shi ne gaggawa. Magidanci mai 'ya'ya huɗu ya ji talla cewa cikin wata uku zai ƙware har ya soma cin dala, sai ya fara tunanin sayar da gonarsa da ke shan ruwan Tiga. Filin da ke bakin kanal, in ya fita hannu, ba kasafai yake dawowa ba.

Shawararmu ita ce mutum ya gwada kansa tukuna, aikinsa na hannu. Kamfanin Cisco yana da darussan farko kyauta a intanet, kuma shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2023 ya haɗa da wannan fanni ba tare da kuɗin makaranta ba. Rani guda ya isa mutum ya gane ko zai iya zaman sa'o'i yana karanta Turanci mai tsauri, yana koyon yadda kwamfutoci ke haɗuwa da juna. Wannan ne tushe. Wanda bai san ta inda saƙo ke bi ba, yaya zai san ta inda ɓarawo zai shigo? Da yawa a nan za su gane ba kiransu ba ne, kuma babu kunya a ciki.

Wanda ya jure, sai ya dubi takardar da ke aljihunsa. Mai digiri a wani fanni ba lalle ya sake shekara huɗu ba. Ya yi shirin jarrabawa irin CompTIA Security+, amma ya sani farashinta da dala ake lissafa shi, ya tara kuɗin daga girbi, ba daga bashi ba. Matashi mai takardar sakandare kaɗai, mu dai muna ganin jami'a ta fi masa, domin ma'aikatun gwamnati da bankuna har yau digiri ko babbar difloma suke tambaya. Jami'ar Bayero tana da digiri a wannan fanni, haka ma Jami'ar Fasaha ta Minna. Mai iyali kuwa ya tuna yawancin guraben aikin suna Kano, Abuja da Legas ne, ba Bunkure ba. A yi wannan magana da uwargida tun da wuri.

Akwai abin da iyaye ba sa so a taɓo. Ilimin da ke tsare asusu shi ne ke fasa shi. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta mai da shiga kwamfutar wani ba da izini ba laifi mai ɗauri. Idan malamin kwas ya fi ba da labarin motocin ɗalibansa a kan wuraren da suke aiki, a janye yaro.

Muna roƙon majalisun ikilisiyoyi masu sola ko janareto su buɗe ɗaki ɗaya maraice biyu a mako, su kuma nemi ɗan ikilisiya da ke wannan aiki a Kano ya zo ya duba takardar kowane kwas kafin wani ya biya ko sisi.