A Binciki Ƙasa Kafin Katafila Ta Shiga

Tun daga shekarar 1919, lokacin da aka maido da fadar masarautar Gombe daga Nafaɗa zuwa inda take a yau, garin Gombe bai fasa yaɗuwa ba, kuma da aka mai da shi babban birnin jiha a 1996 sai abin ya ƙara gaggawa, har tsofaffin unguwanni irin su Bolari suka cika maƙil, aka juya ga gonakin bayan gari ana yanka fulotai. Babu mai hankalin da zai ƙi wannan, domin jama'a na bukatar muhalli. Amma akwai haƙƙin da muke tauyewa, wato na mutanen da suka zauna a ƙasar nan tun kafin zuwan alƙalami da tawada, waɗanda ba su bar mana labarinsu ko'ina ba face a ƙarƙashin ƙasa.

Kada wani ya zaci ƙasarmu fanko ce. A 1987, a ƙauyen Dufuna na Jihar Yobe, maƙwabciyarmu, wani makiyayi yana haƙa rijiya ya ci karo da itace, wanda da masana na Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka tono shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, mai shekaru kimanin 8,000, mafi tsufan da aka taɓa samu a Afirka. Haka nan kawunan yumɓu na Nok, masu haƙar kuza ne suka fara tono su a 1928. Dukansu katari aka yi. Kuma abin da katari ya tsirar, ganganci yana iya hallaka ninkinsa, balle a kwarin Gongola mai ruwa da ƙasar noma, inda ɗan Adam ba zai ratsa bai yada zango ba.

A duba abin da ke faruwa wajen haƙa harsashin gini: diga ta fito da tsingaro, ko dutsen niƙa, ko gatarin aradu, ko gawayin tsohon murhu, sai lebura ya watsa su cikin tifa tare da ɓaraguzai. Alhali kuwa darajar waɗannan abubuwa tana ga matsayinsu cikin ƙasa, gama na ƙasa ya girmi na bisa, kuma da ɗan gawayin nan ake auna shekarun mazaunin. Da zarar katafila ta cakuɗa su, to, hujjar ta tafi har abada.

Wasu za su ce kayan jahiliyya ne, ina ruwan Musulmi da su. Amma Alƙur'ani mai girma ya kwaɗaitar da mu yin tafiya a bayan ƙasa domin ɗaukar izina daga al'ummomin da suka shuɗe, kuma nazarin abu dabam ne da bauta masa. Wasu kuma za su ce jinkiri ne ga aiki, sai dai binciken 'yan makonni bai kai asarar da ba ta da mayewa ba. An ma taɓa yin haka a ƙasar nan, domin kafin ruwan madatsar Kainji ya malale garuruwa a 1968, an tura masana sun tona abin da ya sawwaƙa.

Saboda haka ina kira ga mahukuntan Gombe su shar'anta cewa duk wani babban fili da za a yanka, ko hanya da za a fasa, sai jami'an Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa da malaman jami'o'inmu sun fara dubawa. Dagatai da masu unguwanni kuma su sanar da magina cewa wanda ya tono wani abu ya kai rahoto ba za a ƙwace masa fili ba, domin tsoron haka shi ke sa mutane rufe baki. Amana ce a wuyanmu, kuma jikokinmu za su tambaye mu yadda muka riƙe ta.