Tukwanen zubi a Briqueterie: samfuri ɗaya, ƙarfe iri-iri, da tambayar gubar dalma

Da wuya a shiga gidan da ake girki a unguwar Briqueterie ta birnin Yawunde ba a tarar da tukunyar zubi a kan murhu ba. Masu jin Faransanci suna kiranta macocotte, Hausawa da dama kuma suna ce mata tukunyar dalma, duk da cewa da sanholo ake yinta. Ita ce ta masu sayar da abinci a bakin titi, ita ce ta dafa shinkafar biki da ta suna, kuma tana cikin kayan da uwa ke tara wa 'yarta kafin aure. Sai dai sunan da Hausawa suka laƙaba mata ya zo daidai da abin da masana kiwon lafiya ke tsoro: akwai dalma ta gaske a jikin wasu daga cikin tukwanen, kuma mai saye a kasuwar Mokolo ba shi da hanyar gane wacce ce.

Sana'ar zubin sanholo ta bazu a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da tarkacen jirage da motoci suka yawaita. Yadda ake aikin bai sauya sosai ba. Maƙeri yana danna ƙasa mai laima a cikin akwati mai gida biyu, a kewayen wata tukunya da ke matsayin samfuri, ya zare ta, ya zuba narkakken ƙarfe a gurbin da ta bari. Kowace tukunya da nata gurbin, domin ana farfasa ƙasar ne kafin a ciro ta. Nan ne bambanci ke farawa. Sanholo yana tsukewa idan ya huce, saboda haka tukunyar da aka zuba ta fi samfurinta ƙanƙanta da ɗan kaɗan. Idan samfurin ya lalace, aka ɗauki wata da aka zuba aka mayar da ita samfuri, raguwar sai ta ƙaru. Bayan shekaru, tukwane biyu masu lamba ɗaya daga rumfuna biyu ba sa cin mudu ɗaya, murfin wannan ba ya rufe waccan, gindin wata kuma ya yi siriri a gefe guda. Ƙasar da ta cika laima tana barin ƙananan ramuka a jikin ƙarfen. Matan da suka daɗe suna girki sun san wannan, shi ya sa suke ƙwanƙwasa tukunya su ɗaga ta su ji nauyinta kafin su biya.

Abin da ƙwanƙwasawa ba ta nunawa shi ne abin da aka narka. A shekarar 2014 mujallar kimiyya ta Science of the Total Environment ta buga binciken da Jeffrey Weidenhamer na jami'ar Ashland a Amurka ya yi tare da ƙungiyar CREPD mai hedkwata a Yawunde da kuma Occupational Knowledge International. Sun gwada tukwane da kayan girki 29 da maƙeran Kamaru suka yi daga tsofaffin sassan inji, lagireto, gwangwanaye da ragowar kayan gini. Dalmar da ke jikin ƙarfen ba ta da yawa, amma da aka tafasa ruwa mai ɗan tsami a ciki, da yawa daga cikinsu sun saki dalma da kadmiyam da sanholon kansa. Ƙiyasi mafi girma ya kai maikirogiram 260 na dalma a cin abinci sau ɗaya. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, tun 2022, tana amfani da maikirogiram 2.2 a rana a matsayin ma'aunin abin da yaro zai iya samu daga abinci.

Tukwane 29 ba su isa a yanke wa dukan sana'ar hukunci ba, kuma ruwan tsamin ɗakin gwaji ba miyar gida ba ne. Amma bincike na gaba bai wanke tukunyar ba. A 2017 masanan sun gwada kayan girki 42 daga ƙasashe goma, suka sake samun matsalar, inda wata tukunya daga Biyetnam ta zarce maikirogiram 1,400. A 2023 ƙungiyar Pure Earth ta duba kayayyaki sama da 5,000 a kasuwannin ƙasashe 25, ciki har da Najeriya, ta ce fiye da rabin kayan abinci na ƙarfe sun wuce ma'aunin da ta gindaya.

Dalilin da ya sa sakamako ke bambanta haka daga tukunya zuwa tukunya yana cikin halin ƙarafan biyu. Dalma tana narkewa a zafin digiri 327, sanholo sai ya kai wajen 660, kuma ba sa gauraya su zama abu ɗaya idan sun daskare. Dalmar tana zama ɗigo-ɗigo ne a warwatse. Zubin safe da aka yi da gwangwanayen lemo zai iya fita da tsabta, na yamma da aka jefa wa guntun lagireto mai liƙin dalma ya fita da guba, alhali hannu ɗaya ne ya yi su, a kan samfuri ɗaya. Abinci mai tsami irin su tumatir, tsamiya, yakuwa da zoɓo, wanda a Kamaru ake kira foléré, shi ya fi jawo ƙarfe daga jikin tukunya, musamman idan ya kwana a ciki.

Hausawa ba baƙin gubar dalma ba ne. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, sanadiyyar niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, kuma a 2015 an sake ganin irin haka a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Na tukunya ba ya kisa farat ɗaya kamar wancan, shi ya sa ba ya shiga labarai. Yana taruwa a jiki a hankali, ya taɓa ƙwaƙwalwar yaro da fahimtarsa, ya ƙara wa babba haɗarin hawan jini da ciwon ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira mara illa, kuma rahoton UNICEF da Pure Earth na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya yana ɗauke da ita fiye da kima.

Kamaru ta taɓa nuna cewa tana iya ɗaukar mataki. Ta bi sahun ƙasashen kudu da Sahara wajen daina sayar da fetur mai dalma a farkon 2006, a 2017 kuma ta taƙaita dalmar fenti zuwa kashi 90 cikin miliyan. Amma fetur da fenti suna fitowa ne daga kamfanoni ƙalilan da ake iya bi ɗaya bayan ɗaya. Tukunyar zubi tana fitowa daga ƙananan rumfuna, ba ta da tambari, kuma tana ƙetare iyaka cikin kayan amarya da lodin 'yan kasuwa tsakanin Garwa, Marwa, Kano, Maraɗi da Njamena. Dokar ƙasa ɗaya ba za ta cim mata ba.

Haramta ta ma ba mafita ba ce, domin talaka zai ci gaba da saye a ɓoye, maƙeri kuma ya rasa abincinsa. Inda ya fi sauƙin kamawa shi ne wurin masu sayar da tarkacen ƙarfe. Akwai na'urar hannu da ke karanta abin da ke cikin ƙarfe cikin daƙiƙoƙi, irin wadda masu binciken suka yi amfani da ita. Ta fi ƙarfin maƙeri ɗaya, amma ba ta fi ƙarfin hukumar ANOR mai kula da ingancin kaya ko ƙaramar hukumar Yawunde ta biyu ba. Ware lagireto da duk wani ƙarfe mai liƙi daga abin da za a narka ba ya buƙatar na'ura ko kaɗan, sai dai maƙerin da ya yi hakan zai kashe kuɗi fiye da maƙwabcinsa, kuma muddin babu wata alama a jikin tukunya da ke nuna wa mai saye bambancin, ba shi da riba a ciki.

Tun 1957 masana'antar Alucam ke narka sanholo mai tsabta a Edéa, kan hanyar Yawunde zuwa Duwala. Binciken 2014 ya nuna cewa tukwanen da ake girka wa yaran ƙasar abinci a ciki, daga bolar gareji ƙarfensu ke fitowa.