"Ai ganye ne, ba ya illa": maganar da ke kayar da masu ciwon suga a Diffa

Ba ni da faɗa da zogale, ina cin kwaɗonsa. Faɗana da mai lasifika ne a kasuwar Diffa, wanda ke ɗaga gora yana rantsuwa cewa haɗinsa na garahuni da hulba da ganyen dogon yaro "yana wanke suga", kuma ko kana shan na asibiti ka ɗora a kai, tunda ganye ne.

To, ai nan gizo ke saƙa. In ganyen ba ya aiki, an cuce ka kuɗi. In kuwa yana aiki, ka sha magani biyu ke nan a kan ciwo ɗaya ba tare da awo ba. Shi kansa metformin asalinsa daga wata ciyawar Turai ce mai suna Galega. Bambancin kawai, ƙwayar an san nauyinta, ruwan gora kuwa na yau ya fi na jiya kauri, mai dafawar ma bai san iyakarsa ba.

Wanda na fi jin tsoro a kansa shi ne mai shan glibenclamide, wato Daonil, ko mai allurar insulin. Glibenclamide na tilasta wa jiki fitar da insulin ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Ka ɗauki manomin tattasai a bakin Komadugu: ya haɗiyi ƙwaya da asuba, ya kora da jiƙon hulba, ya shiga ban ruwa cikin rana ba karin kumallo. Kafin azahar suga ya faɗi ƙasa da 0,70 g/l. Sai gumi, karkarwa, yunwa mai tsanani, sai surutai marasa kan gado. Mutanen gida su ce iska ce, a kawo hayaƙi, alhali sukari dunƙule uku a ruwa ne zai tashe shi, muddin yana iya haɗiya. In ya suma ba a ɗura masa komai, asibiti kawai. Kuma duk wanda ya zauna a yankin nan tun dokar ta-ɓacin Fabrairun 2015 ya san kai marar lafiya gari daga ƙauye cikin dare ba wasa ba ne.

Wani abin ma ba ganyen ba ne. A 2008 an kwantar da mutum 150 a asibitocin Singafo, ba mai ciwon suga ko ɗaya, suga ya faɗi saboda magungunan ƙarfin maza da aka cusa wa glibenclamide a ɓoye. Huɗu suka mutu. Wa ke auna ƙullin da ke tsallako mana iyaka ba suna ba lamba?

Ma'aikatan lafiya ma ba zan ƙyale su ba. Tsoho ya ce yana shan garahuni, ka daka masa tsawa, gobe ba zai daina ba, ɓoye maka kawai zai yi. Sai ka ga awonsa ya sauka, ka ɗauka ƙwayarka ce, ko ka ga ya hau don ya ajiye ƙwayar ya koma gora, ka ƙara masa. Ku tambaye su cikin mutunci, da Hausa da Barbarci da Fulatanci, me suke sha, sau nawa. Mai ciwon kuma ya tafi da gorar har gaban likita, ya yawaita awo a makon da ya fara ta, musamman in azumi ya kama.