Me ya sa HIV ke galaba a kan garkuwar jiki?

Jikin ɗan Adam na da sinadaran furotin masu tare ƙwayar cutar HIV, sai dai ita ma tana da makaman karya su.

A shekarar 2002 masana suka gano aikin APOBEC3G, wanda ke gurɓata gadon halittar ƙwayar har ta kasa hayayyafa. Amma HIV na samar da furotin Vif da ke sa a lalata shi.

Wani furotin mai suna TRIM5alpha yana fasa ɓawon HIV a jikin wasu birai, na ɗan Adam kuwa ba shi da wannan ƙarfi.

Wannan ɓawo ne allurar rigakafi ta lenacapavir ke kai wa hari. Amurka ta amince da ita a 2025, kuma sau biyu ake yin ta a shekara.