Kafin Ka Sayi Keke, Tambayi Hanyarka

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, keke ya fara dawo da martabarsa a ƙasar Daura. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta taɓa Naira 1,000. Magidanta da yawa sun jingine babura a zaure, malamin makaranta da ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci sun koma neman abin hawan da ba ya shan mai. Wannan dabara ce mai kyau. Abin da ke damuna shi ne yadda ake sayen keken: ido ke zaɓa, aljihu ya biya, daga baya gwiwa da ƙugu su ɗauki wahalar.

Iyayenmu ba haka suka yi ba. A zamaninsu Raleigh na Ingila kadara ce, ana tara kuɗin gyaɗa a saye shi, ɗa ya gaji ubansa a kansa. Da Phoenix na ƙasar Sin ya shigo, aka karɓe shi saboda ƙirarsu ɗaya: baƙin ƙarfe, taya mai inci 28, birkin ƙarfe, kariya mai ƙwari a baya. Yau kasuwa ta cika da kekuna masu launi da giya da sifirin, sababbi da 'yan gwanjo. Wasu nagari ne, wasu kuwa kyan ɗan maciji ne kawai.

Abin da mai saye zai fara dubawa shi ne hanyar da zai riƙa bi kullum. Wanda ke zaune a Kusugu, yana zirga-zirga tsakanin lungunan tsohon gari da kasuwa da wurin aiki, ƙaramin keke marar nauyi mai taya inci 26 ya ishe shi, don ya fi sauƙin juyawa a lungu da shigarwa zaure. Wanda kuwa zai riƙa fita ƙauyukan Sandamu ko Zango ko Baure, ya tuna ƙasarmu jigawa ce. Siririyar taya irin ta keken tsere nutsewa take yi cikin rairayi, ƙayar aduwa da tsidau kuma ba sa yi mata ta daɗi. A can faffaɗar taya mai kauri ake buƙata, a ɗan rage mata iska don ta hau kan yashi. Game da giya, ƙasar Daura shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da hawa da gangara irin na Jos. Giya 21 a nan yawanci ado ne, ga shi ƙura na haɗuwa da man sarƙa ta riƙa cin haƙoran ƙarfen kamar dutsen wasa wuƙa.

Sai batun kaya. Ɗalibin Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, wanda jakar littattafai kawai yake ɗauka, bukatarsa daban take da ta mai ɗaukar jarkokin ruwa, ko manomin da zai ɗaura buhun gero ya nufi kasuwar Mai'aduwa. Mai kaya ya nemi tsohuwar ƙirar nan ta baƙin ƙarfe, wadda ko ta tsage mai walda zai ɗinke ta. Yawancin kekunan gwanjo marasa nauyi da gorar ruwa aka yi su, ba kowane mai walda ke iya taɓa su ba, kuma ba a ƙera su don buhu ba. Keke mai sifirin a tsakiya, musamman mai araha, ba ya karɓar kariya yadda ya kamata, kuma yana shanye wani ɓangare na ƙarfin mai tuƙi wajen lilo.

Abu mafi muhimmanci, wanda aka fi mantawa, shi ne mai gyara. Kafin ka biya kuɗi, je wurin mai gyaran keken unguwarku ka tambaye shi ko yana samun taya da tiyub da birki da sarƙar wannan samfuri. Keken da sai an aika Kano kafin a samo masa ɗan ƙaramin ƙarfe zai fi daɗewa a jingine fiye da kan hanya. Idan na hannu za ka saya, tafi da mai gyaran. Ya duba mahaɗar ƙarfe ko akwai tsaga, domin sabon fenti kan ɓoye aibi, ya juya tayoyin ya ga ko gargaren ya karkace. Araha ba ta ado.

Ina da jan hankali ga iyaye. Kada a saya wa yaro babban keke da sunan zai girma ya tarar da shi. Yaron da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba ya iya tsayawa idan mota ta ɓullo. Ma'aunin babba ma mai sauƙi ne: idan ya zauna a sirdi, feda tana can ƙasa, gwiwarsa ta ɗan lanƙwasa kaɗan. Mai bin titin Katsina ko na Kano da dare kuma ya sa fitila da abin ƙyalli a lissafin kuɗinsa tun farko.

Garin da yake da Jami'ar Sufuri ta Tarayya bai kamata hawan keke ya zama abin kunya a cikinsa ba. A Holan, minista da ɗalibi duk suna hawansa zuwa aiki da makaranta. Abin da ya rage mana shi ne mu saya da lura, daidai ruwa daidai tsaki. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka cikin abin da muka saya.