Kyan Fata Yana Cikin Lambu, Ba Cikin Kwalba Ba

Ƴan uwa na Difa, maza da mata, ku ba ni aron hankalinku. Idan hunturu ya kama, fata takan bushe, ƙafa ta yi faso, leɓe ya tsage. Sai wasu su nufi kasuwa neman man sauya launin fata. A ganina, wannan asara biyu ce: ta kuɗi da ta lafiya.

Wasu mayukan suna ɗauke da zaiba, gubar da ke lalata ƙoda. Wasu suna cinye ƙarfin fata, har miki ya ƙi warkewa. Shi ya sa ƙasar Kwadibuwa ta hana su a shekarar 2015. Baƙar fata ba aibi ba ce. Garkuwa ce daga zafin rana.

Abin da fata ke so yana bakin Komadugu. Ɗanyen tattasanmu cike yake da bitamin C, mai taimakon fata ta gyaru. Shanya da dahuwa suna rage shi. Don haka kada mu shanya duka don sayarwa, mu ci wani ɗanye. Karas da zogale suna ba da bitamin A. Kifi yana gina jiki.

Mu riƙa shan ruwa mai tsabta. Mu shafa man kaɗanya bayan wanka, tun jiki bai bushe ba. Manomi ya sa malafa, kuma ya yi wanka da sabulu bayan feshin maganin ƙwari.

Lafiya uwar jiki. Kada mu musanya ta da farin kwana biyu.