Shirun Ɓeran Masar Ba Jin Daɗi Ba Ne

Na san wasu za su yi dariya in sun ga abin da na ɗauko, su ce duk matsalolin duniya ba su ishe shi ba sai wankan ɓera. To, ku yi haƙuri ku saurara, domin asara ce muka yi a gidanmu ta sa na ɗauki alƙalami, kuma da hannuna a cikinta.

Ƙanena yana kiwon ɓeran Masar, kamar yadda wasu yara a nan Dayi su ke kiwon zomo ko tattabaru. Guda uku ya saya da kuɗin da ya tara wajen cirar auduga, ya yi musu akurki a bayan rumbu. Bara da hunturu sai Inna ta fara ƙorafi, ta ce wari ya ishe ta, ko ya gyara dabbobinsa ko ya fitar mata da su daga gida. Ran Asabar da sassafe yaro ya ja ruwa a rijiya, ya cika daro, ya barbaɗa garin sabulun wanki, ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya yana tsomawa. Na farkon ya yi wata irin tsuwa mai tsini, ya yi ta shure-shure, daga nan sai ya yi tsit, ko motsi babu. Ƙanena ya kira ni, ya ce, “Yaya, zo ka gani, ya yi lamo, daɗi ya ke ji!” Ni ma da na duba haka na zata. Har na karɓi moɗa ina kwarara masa ruwa a ka.

Muka shanya su a tsakar gida, iska kuwa tana kaɗawa. Da yamma ƙaramin cikinsu ya ƙi cin abinci. Washegari ya takure a kusurwa, hanci na yoyo, numfashi da ƙyar. Wani maƙwabci ya ce a buɗe kafso a zuba masa a ruwa, muka yi. Kwana na uku muka tarar da shi ya sandare. Ƙanena ya yini bai ci tuwo ba.

Sai da na kai labarin wurin malaminmu na aikin gona, ya yi mini bayani, ya kuma ba ni littattafai na karanta, sa'an nan na gane cewa abin da muka kira jin daɗi tsoro ne tsagwaronsa. Ra'ayina ke nan a taƙaice: ɓeran Masar ba dabbar wanka ba ce, kuma wanda ya tsoma shi a ruwa don kwalliya ko don wasa ya cuce shi, ko da kuwa da kyakkyawar niyya ya yi.

Da fari dai sunansa ma yana ruɗinmu. Ba daga Masar ya fito ba. Asalinsa duwatsun Andis ne a Amurka ta Kudu, wajen ƙasashen Peru da Bolibiya da Ekwado, inda mutanen can su ke kiwonsa shekaru dubbai domin nama. A ƙarni na 16 ne fatake suka kai shi Turai. Abin dariya, masarar nan da ta cika gonakinmu daga nan har Funtuwa ita ma daga Amurka ta fito, ita ma muka laƙaba mata sunan Masar. Amma abin da ya shafe mu a nan shi ne, danginsa na daji abincin wasu ne. Shaho na farautarsu daga sama, maciji da kyanwar daji na farautarsu a ƙasa. Ba shi da ƙaho, ba shi da farcen faɗa, ba ya iya hawan itace. Dabararsa biyu ce kawai: ko ya ruga ya shige rami ko ciyawa, ko kuwa, in ya ga ba mafita, ya ƙame kamar mushe, ko mai farautarsa ya sake shi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Wanda ke cikin akurkinmu ya gaji wannan hali kaf.

Yanzu ku duba abin da wanka ya ke a wurinsa. Hannu ya sauko daga sama ya cafke shi, watau daidai yadda shaho ya ke yi. An raba shi da 'yan'uwansa, alhali dabba ce mai zama cikin garke. An sa shi cikin daro mai santsi, ƙafafunsa ba su sami abin takawa ba, ga ruwa yana shiga ido da kunne da hanci. Ya yi tsuwa, ba wanda ya cece shi. Ya yi shure-shure, an ƙara matse shi. Me ya rage masa? Sai ya ƙame. Mu kuwa sai mu tafa, mu ce ya saba.

Wanda ya lura zai ga alamun a fili. Idanu su kan fito zuru-zuru, jiki na makyarkyata, wani lokaci ya saki fitsari ko kashi a hannunka. In yana kaɗa haƙora, gargaɗi ne ya ke yi, yana cewa a ƙyale shi. Akwai kuma wani gajeren gurnani da ya kan yi in ya razana, wanda yara ke ɗauka irin na kyanwa ne sa'ad da a ke shafa ta. Bambancin shi ne, mai jin daɗi jikinsa a sake ya ke, mai tsoro kuwa a ɗaure ya ke kamar kara.

Abin da ke faruwa a cikin jiki ya fi wannan. Tun a 1915 wani masani a Jami'ar Harvard ta Amurka, Walter Cannon, ya bayyana yadda tsoro ya ke sa jiki ya saki wani sinadari, adirenalin, wanda ke ƙara bugun zuciya, ya tura jini zuwa ƙafafu domin gudu, ya kuma dakatar da aikin hanji. Duk wanda aka taɓa kira gaban taron makaranta ya san wannan: zuciya na dukan uku-uku, baki ya bushe, abinci ya fita a rai. To, ɓeran Masar ko yana kwance lafiya zuciyarsa tana bugawa wajen sau 250 a minti ɗaya, tamu kuwa wajen 70. Ina ga an firgita shi? Haka nan cikinsa ba irin namu ba ne. Mu mu kan yini ba mu ci ba, mu tashi garau. Shi kuwa dole ciyawa ta riƙa wucewa ta hanjinsa dare da rana. In tsoro ya hana shi ci na yini guda, hanjin ya kan tsaya, kuma wannan kaɗai yana iya kashe shi.

Ga kuma sanyi. Babba a cikinsu bai fi nauyin kilo ɗaya ba sai kaɗan, ga gashi mai kauri da ba ya bushewa da wuri. Ƙaramin jiki ya fi babba saurin rasa ɗuminsa, shi ya sa a ke naɗe jariri da zane. Dabbar da ta sha tsoro sa'an nan ta kwana da jiƙaƙƙen gashi a daren hunturu, ƙwayoyin cutar huhu ba su da wahalar kayar da ita. Kafson da muka ba shi kuwa, ashe ƙarasa shi muka yi. Magunguna dangin fenisilin suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjin ɓeran Masar, har su jawo masa zawo mai kisa. Kada wanda ya ba shi maganin mutane, sai abin da malamin dabbobi ya ce.

Na san abin da iyayenmu za su ce, kuma ba na raina maganarsu. Za su ce ai a kan wanke rago kafin Salla, a kan wanke doki, ba su mutu ba. Gaskiya ne. Amma rago yana tsaye da ƙafafunsa a ƙasa, ba a ɗaga shi sama, ba a dulmiya shi, kuma jikinsa ya ninka na ɓeran Masar sau da yawa. Za su ce kuma, wari fa? Nan ne Inna ta ke da gaskiya, mu ne ba mu fahimce ta ba. Warin ba daga jikin dabbar ya ke ba, daga shimfiɗar da ta jiƙe da fitsari ya ke. Da mun share akurki mun zuba busasshiyar ciyawa, da magana ta ƙare. Jifa muka yi ta wuce kan mai laifi, ta faɗa kan marar laifi.

Shi kansa yana da wankansa. Ku zauna shiru kusa da akurki ku kalla. Wani farin ruwa kamar madara ya kan fito a gefen idonsa, ya sa ƙafafun gaba ya shafe fuska da shi, sa'an nan ya bi sauran jiki da baki yana gyarawa. In kun ga gashinsa ya yamutse ya dushe, ku fara tuhumar abinci. Kamar ɗan Adam, jikinsa ba ya iya haɗa bitamin C da kansa, sai ya ci a abinci; a jikinsa ne ma wasu likitoci biyu na ƙasar Norwe, Holst da Frolich, suka yi gwajin cutar rashin wannan bitamin a 1907. Wanda a ke ba dusa zalla ba zai yi kyan gani ba ko an wanke shi sau goma. Ɗanyar ciyawa ya ke so, da ganyen kabeji, da ɗan yankin gwaiba.

Ban ce har abada ruwa ba zai taɓa shi ba. In zawo ya ɓata masa gindi, ko ya tsufa ba ya iya gyara kansa, ko malamin dabbobi ya ga ƙwarƙwata ko makero a jikinsa ya ba da maganin wankewa, to larura ce. Makero ma yana iya kama yaron da ke wasa da shi, saboda haka ba abin sakaci ba ne. Amma ko a nan, tsumma mai ɗumi ya kan wadatar a goge wurin da ya ɓaci kaɗai. In dole sai an sa shi a ruwa, a bari sai hantsi ya ɗaga, a yi a ɗaki inda ba iska. Ruwan ya zama mai ɗumi-ɗumi, kada zurfinsa ya wuce ƙafafunsa, a shimfiɗa tsumma a ƙasan daron don ya sami abin takawa. A tallafe shi ta ƙarƙashin ƙirji da gindi, kada a zuba masa ruwa a ka, kada a sa garin sabulun wanki. Minti biyu ko uku sun isa. A tsane shi sarai da zane, kada kuma a ce za a shanya shi a tsakar rana, domin zafi ma yana kashe shi. Yanayin da ya fi so tsakanin digiri 18 ne zuwa 24. Daga nan a mai da shi wurin 'yan'uwansa, a sa masa ciyawa, a zuba ido a ga ko ya ci.

Biyun da suka rage mana ba su sake ganin daro ba. Ƙanena ya kan share akurkin kowane kwana biyu kafin ya tafi makaranta, ya kai shimfiɗar da ta jiƙe bola ta zama taki. Ya kuma sa musu tsohuwar tukunya mai fasasshen baki a ciki, wadda su ke shigewa in sun ga inuwar shirwa. Da damina macen ta haifi 'ya'ya uku, kowanne da gashinsa, idonsa a buɗe, yana tafiya tun ranar. Inna ce da kanta ta ke aje musu ganyen kabeji in ta yi girki.